Tsohuwar mota mai lafiya: me ya sa manyan kamfanoni ke mana kallon banza?

Abban Nana, Bagalam

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi bayani tukuna.

Ina da Corolla ƙirar 1994 mai isansi, inji 1.6, irin waɗanda aka shigo da su daga Turai ta Kwatano tun lokacin da hanyar take buɗe. Kwanta, wato agogon da ke ƙirga tafiyar mota, ta wuce kilomita dubu 400, kuma Allah kaɗai ya san abin da ta ci kafin ta zo hannuna. Motar nan wallahi ba ta taɓa kwana da ni a daji ba, Dakwaro, Tasawa, Damagaram, Katsina ta Ɗan Isa, duk inda na nufa tana kai ni ta dawo da ni, ba ta hayaƙi ba ta shan baƙin mai, mabuɗi ɗaya take tashi ko da sanyin asuba. Matsalarta guda ce yanzu, famfon ruwa. An sha canza shi da na kasuwa, kowanne sai ya ɗan yi watanni ya fara yoyo ko kuka, ga bel ɗin taimin shi ma lokacinsa ya yi.

To na yi wata tafiya zuwa wani babban gari, sai na ce bari in shiga ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan masu sayar da sabbin motoci da ke da garaji da magaza a ciki, in sayi na asali in huta. Ba zan kama suna ba, garin ma ban faɗa ba. Tun daga bakin ƙofa gardi ya ɗaga mini hannu ya ce in aje ta waje, alhali ga fili a ciki, kuma ina tsaye wata kat-kat mai tambarin furoje ta zo aka wangale mata ƙofa har da sara. Na shiga da ƙafa. Yaron da ke kan kanta sa'ar ɗana ne, ya karɓi kart giris, wato takardar rajistar mota, ya duba shekara ya yi ɗan murmushi ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya duba, sannan ya ce Alhaji ai wannan ba ta cikin na'urarmu. Ko shasi bai shigar ba, ina kallon hannunsa. Ina shirin fita sai ga wani mai kwat ya biyo ni da takarda mai hotuna yana cewa ai yanzu akwai tsari da banki, a biya kaɗan-kaɗan a ɗauki sabuwa.

Abin da nake so in sani: haka suke wa kowa ko ni ne na zo a ranar da ba su tashi da daɗi ba? Mai tsohuwar mota yana da wani amfani da zai samu a irin wuraren nan? In babu, ina ake samun kayan asali? Maiɗakina ta ce in sayar kawai in huta da wulaƙanci, ni kuma raina bai kwanta ba, don na san abin da ke hannuna, ban san wanda zan sayo ba.

Mai Garaji, Sabon Gari

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka saida. Wannan na hwara hwaɗa maka kahin komi.

Injin da ke cikin motarka 4A-FE ne in dai 1.6 ce ta wannan shekara, kuma mu da muke kwance su kullum mun san shi, inji ne wanda in ba ka bar shi ya yi zahi ya ƙone gasket ba ko ka hana mishi baƙin mai, to sai bodin ya ruɓe ya bar shi shina aiki. Wani alherinshi kuma, ko bel ɗin taimin ya tsinke kana tahiya bawul ba su haɗuwa da fistin, mota za ta mutu ne kawai, a sa sabo a daidaita maki ka wuce. Ƴar uwarta mai gazuwal, 2C, ba haka take ba, ita in ya tsinke sai an buɗe kan silinda, wani lokaci ma sai dai a nemo wani kan.

Maganar da yaron ya yi cewa ba ta cikin na'ura, rabi gaskiya rabi ƙiwuya. Gaskiyar ita ce na'urar da suke soka wa mota ta hwaɗi ciwonta ba ta shiga taka, saboda wannan soket ɗin na ƙarƙashin sitiyari sai a 1996 Amurka ta tilasta shi, Turai kuma sai 2001 ga masu isansi. Taka tana da nata tsarin na da. Buɗe bonet ka duba gehe, akwai ɗan baƙin akwati kamar na ashana an rubuta DIAGNOSIS a murhin, ciki akwai ramu da sunayensu, sai a ɗauki guntun waya a haɗa TE1 da E1, a buɗe mabuɗi ba tare da an tada mota ba, hitilar inji ta gaban direba sai ta riƙa ƙyaftawa kana ƙirgawa, lambar da ta ba ka ita ce ciwon. In tana ƙyaftawa bai ɗaya ba tsayawa to lahiya lau. Yaron da anka koyar da na'ura kaɗai ina zai san wannan, an haihe shi bayan an ƙera motar. Amma wannan duk maganar duba ciwo ce. Kai kaya ka je saye, kuma littahin kaya shina nan cikin kwamfuta, lambar shasi haruhwa 17 kawai za a sa. Nan ne ƙiwuyar take.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kamfanin mota ba shi ne ke ƙera kowane ƙarhe da ke jikinta ba. Famfon ruwa na irin motocin nan Aisin ke yi, fulogi Denso ko NGK, bodis Koyo ko NSK, bel kuma akwai Mitsuboshi akwai Gates duk masu kyau ne. Wanda ke cikin kwali mai tambarin mota da wanda ke cikin kwalin Aisin sau da yawa daga masana'anta guda sunka hito, kuɗɗin ne ya bambanta. Saboda haka ba dole sai ka shiga inda za a ce ka aje mota waje ba. Wahalar ita ce jabu, kuma jabun yanzu kwalinshi ya hi na asali kyau. Ni ba na duba kwali, ina hiddo famfon in auna nauyinshi a hannu, in juya shi kusa da kunne in ji ko shina karta, in duba rubutun da ke jikin ƙarhen ko da shi anka zuba shi ko bugawa anka yi daga baya, in duba gehen ko an goge shi sumul ko shina da kaushi. Kuma in mai shago ya ce maka na asali ne amma kuɗɗinshi daidai da na Sin, ka gaishe shi ka wuce.

Ƴan Beljiyam, wato waɗanda anka kwance daga motocin Turai, akwai su nan gari, in babu a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Katako a Yamai. Sitata, altaneta, giya, sitiyari, ƙohwa, duk na yarda ka sayi Beljiyam, sun hi sabon jabu nesa ba kusa ba. Amma bel, roba, sil, tamostat da famfon ruwa kada ka sayi tsoho, shekarunshi ɗaya da wanda kake cirewa.

Sannan Alhaji ka yi mini haƙuri in tambaye ka, wane ruwa kake zubawa a lagireto? Don in ruwan rijiya ne ko na pampo zalla, ko na asalin ka sa ba zai daɗe ba, gishirin ruwan shi ke cin sil ɗin ya toshe lagireto da tsatsa. Kuma a duba ko wani ya taɓa cire maka tamostat ya haɗa hwanka kai tsaye, abokan sana'armu sun mai da wannan al'ada wai don zahin Afrilu, alhali abin da ya kamata a wanke lagireto ne.

Tsohon Magaziniye

Sannu Alhaji, abin da aka yi maka ba daidai ba ne, babba babba ne ko da keke ya zo. Amma tunda na taɓa zama bayan irin wannan kantar shekaru kafin in dawo gida in kama kasuwa, bari in faɗi yadda abin yake daga ciki, don kada mu tafi da cewa ƙiyayya ce kawai.

Kamfanin nan ba da kai yake cin abinci ba, ba da ni ba. Mu duba tsakani da Allah, mutum nawa ne a Maradi suka taɓa sayen mota sabuwa fil a leda da kuɗin aljihunsu? Masu saye su ne gwamnati, ƙungiyoyin agaji, furoje-furoje, bankuna, kamfanonin waya da na ma'adinai. Waɗannan su sayi goma ko ashirin lokaci ɗaya, su sa hannu a kwangilar gyara, kowace ta cika kilomitanta a kawo ta bidanj, wato canjin baƙin mai, a rubuta takarda a biya ta banki ba ciniki ba Allah ya ba mu alheri. Garajin gaba ɗaya a kan su aka gina shi, kayan da ke kan shelf ma nasu ne. Shi ya sa in ka zo da tsohuwar Land Cruiser 70 za ka ga ana samun kayanta nan take ko da ta girmi Corollarka, saboda tun 1984 ake ƙera ta har yau ba a daina ba, injin 1HZ kuma tun 1990 yake, masu furoje na amfani da shi. Ka ga ashe ba shekarun motar ba ne kaɗai, wa ke hawa irinta shi ne maganar.

Na biyu, motocinmu na Kwatano an ƙera su ne don kasuwar Turai ko Amurka, waɗanda kamfani ke shigowa da su kuma an ƙera su don ƙasashe irin namu. Suna ɗaya, fuska ɗaya, amma lambar kaya ta sha bamban. In magaziniye ya yi maka oda daga waje sai ka biya kafin, ka jira makonni ko watanni, balle tun 2023 da iyakar Benin ta rufe kaya suka koma zagayowa ta Lome su ratso Burkina da rakiyar sojoji. In kayan ya iso bai shiga ba, kai ka ce a mayar maka da kuɗinka, shi kuma maigidansa ya ce wa ya sa ka. Yaro ya sha wannan faɗan sau ɗaya, gobe in ya ga kart giris na 1994 sai ya ce ba ta cikin na'ura. Ban ce ya kyauta ba.

Na uku shi ne gyaran kansa. Can da awa ake lissafin aiki, kuma duk abin da suka taɓa sai sun ba da garanti. Tsohuwar mota kuwa ka je kwance noti ɗaya ya karye a ciki, ka taɓa tiyo ya fashe a hannunka don ya bushe, aikin awa biyu ya zama na kwana uku, mai mota kuma ya rantse lafiya lau ya kawo ta. Sannan su ba sa gyara abu, canza shi suke yi ɗungurungum. Altaneta ta daina caji, Mai Garaji zai buɗe ya sa mata gawayi na jikka biyu ko uku, su kuwa sabuwa za su rubuta maka. Sai ka ga takardar kuɗin ta kusa kai rabin kuɗin motar. Wani lokaci da gangan ake cika takardar don ka tafi da ƙafarka ba sai an ce ba za a yi ba.

Shawarata, in za ka koma irin wurin kada ka bi ta wajen masu karɓar baƙi, tambayi kantar kaya kai tsaye. Ka je da lambar kayan a rubuce, akwai shafuka a intanet da za ka sa shasi su fito maka da zanen injin da lambar kowane noti, kyauta. In ka miƙa lamba ba ka ce komai a kan shekara ba, zai buga ya gaya maka akwai ko babu da kuɗinsa. Sil na inji, gasket na kan silinda, tamostat, sansa, irin waɗannan ƙananan da jabunsu ke kashe inji, sun cancanci wahalar.

Maman Aisha, Ali Ɗan Sofo

Malam Magaziniye na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma ni dai ban ga abin da ya haɗa lissafin kamfani da hana dattijo shiga da motarsa ba. Kujera da sannu da zuwa nawa suke ci? Wanda ya riƙe mota iri ɗaya shekara da shekaru yana yabonta a gari ai talla yake musu kyauta, ƙannensa da ƴaƴansa in sun tashi saye irinta za su nema.

Ni tawa Corolla ce ta 2005 da marigayi maigidana ya bari, da ita nake kai yara lakwal da ɗauko kaya daga kasuwa. In kai namiji an ce ka aje waje, mu mata abin ya ninka, duk inda na shiga, babban kamfani ko garajin bakin hanya, tambayar farko ita ce Hajiya ina direban ko ina maigidan, kamar ba ni na tuƙo ta na zo ba. Kuma kada Mai Garaji ya ji haushi, ku ma a cikinku akwai. An taɓa karɓar kuɗin sabbin shokozoba a hannuna aka wanke tsoffin aka fesa musu baƙin fenti aka mayar, sai da ƙanena ya leƙa ƙasa ya sa farce ya kankare. Tun daga nan duk abin da aka ce an canza sai a sa mini tsohon a but, kuma ina da ɗan littafi a cikin mota ina rubuta kwanan wata da kilomita da abin da aka yi da wanda ya yi.

Abban Nana ka gaya wa Hajiya ta yi haƙuri. Motar da ba bashi a kanta, asiransi da bizit, wato binciken lafiyar mota, kawai take nema a shekara sai ɗan gyara, ba a sakinta don wani yaro ya yi murmushi. Na ga waɗanda suka sayar da irin taka suka ɗauko mai cike da lantarki, yanzu fitila ɗaya ta kama sai an jira mai na'ura ya zo daga Kano.

Ina da tawa tambayar, wani ya ce mini wai balan-balan ɗin hatsari na irin motata yana da matsala kuma ana canzawa kyauta. Gaskiya ne ko zancen fada ne?

Ɗan Maradi a Buruksel

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni ina nan inda motocin ke tasowa, unguwar Heyvaert, duk wanda ya taɓa harkar mota tsakanin Beljiyam da Kwatano ya san ta, daga nan ake tattara su a kai tashar jirgin ruwa ta Antwerp.

Alhaji abin dariyan shi ne kamfanonin da kansu suna alfahari da irin motarka, a can sama. Akwai wani direban tasi a Girka, Gregorios Sachinidis, da ya yi kilomita miliyan 4.6 da Mercedes 240D ƙirar 1976, a 2004 kamfanin ya karɓe ta ya kai gidan tarihinsa ya ba shi sabuwa. Akwai Irv Gordon, malamin makaranta a Amurka, ya sayi Volvo P1800 a 1966 ya tuƙa ta fiye da mil miliyan 3 kafin ya rasu a 2018. Wani kuma Victor Sheppard ya cika mil miliyan ɗaya da Tundra ƙirar 2007, a 2016 Toyota suka ba shi sabuwa suka kwashe tsohuwar suka wargaza ta don su ga yadda ta jure. Mercedes har lambar yabo suke bayarwa ta maƙalawa a gaban mota in ta kai kilomita dubu 250, dubu 500, har miliyan. To da ana rabon nan da adalci ai da tasoshin Nijar sun cika da lambobi. Sai dai wannan aikin masu talla ne a hedkwata, mai sayarwa na ƙasa shi adadin sabbin da ya fitar a wata ake tambayarsa. Nan ma haka ne, ka shiga babban garaji da mota mai shekara ashirin za a karɓe ka da fara'a a ba ka kofi, sannan a kawo maka takardar da za ta sa ka gane da kanka cewa ba nan ne wurinka ba. Bambancin kofin ne kawai.

Kuma ku san cewa da yawan motocin da ke zuwa muku ba lalacewa suka yi ba, doka ce ta kore su. Tun 2018 Buruksel ta kafa yankin da tsoffin motoci masu hayaƙi ba sa shiga, ana ƙara tsaurarawa lokaci zuwa lokaci, mai gazuwal ɗin da ke lafiya ƙalau sai ya sayar da arha. Wannan alheri ne gare mu. Sharrin kuma shi ne kwanta. A Beljiyam akwai takarda da ake ce wa Car-Pass tun 2006, duk lokacin da mota ta shiga garaji ko bizit ana rubuta kilomitanta, to in dillali ya ce maka daga Beljiyam take ka tambaye shi ita. In babu, kada ka yarda da lambar da ke kwanta, duba robar birki da kuloci yadda ta cinye, duba sitiyari da kujerar direba. Shi ya sa ni ma na ce Alhaji ya riƙe tasa, ya san tarihinta.

Hajiya Maman Aisha, maganar gaskiya ce ba zancen fada ba. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ne ya yi balan-balan ɗin, sinadarin da ke hura shi yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, ranar da ya tashi buɗewa sai gwangwanin ya tarwatse ya watso ƙarafa a fuskar mutum. An rasa rayuka, an janye motoci miliyoyi a duniya, kamfanin ma ya karye a 2017. Ya shafi motoci da yawa na shekarun 2000, Honda, Toyota, Nissan, Mazda, BMW da wasu, kuma akwai Corolla na zamanin taki a ciki. Ba kowace ba ce, da shasi ake ganewa, kamfanonin na da shafi a intanet da ake sa lambar a gani. Matsalarmu ita ce wasiƙar kiran tana zuwa ga mai motar na farko a Turai, ita kuwa motar tana Maradi. Wannan kam dalili ne na zuwa wajen wakilin kamfanin ko gardi zai ce a aje waje. Ta Alhaji ta 1994 ba ta cikin wannan rukunin na shekarun 2000.

Abban Nana, Bagalam

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Mai Garaji ruwan pampo ne nake zubawa, kowa ma shi na ga yana zubawa, kuma yanzu na fita na duba, fanka tana tashi da na buɗe mabuɗi ko inji da sanyi, ke nan an haɗa ta kai tsaye. Malam Magaziniye zan sa yarona ya nemo lambobin a waya.

Baba Direba, Tibiri

Jikana ne ke rubuta mini. Na yi tuƙin haya da Fijo 504 doguwa tsakanin Maradi da Kano da Yamai tun kuna ƴan yara, ƴar Kaduna, wadda anka haɗa a can, ba ta Turai ba. Lokacin ba mu san wani wulaƙancin kamfani ba don ba mu zuwa, kayanta har a teburin mai shayi kana iya samu, kowane ƙauye a kan gudiro akwai wanda ya iya karbireta. Abin da ya kashe 504 a hanya ba inji ba ne, da Kaduna ta daina haɗa ta kaya masu kyau sunka yanke, jabu ya cika kasuwa, makanikan da sunka iya ta sunka tsuhwa yara ba su koya ba. To ku masu Corolla ku sani ranarku na tahe, in ka samu abu na asali yau sayi biyu ka aje ɗaya.

Kuma duk kun yi ta yabon inji ba wanda ya yi maganar ƙasa. Ɗana Abban Nana, inji ba ya kashe mutum, birki da taya da rotil ke kashewa. Maradi zuwa Yamai ya hi kilomita 600, ga manyan motoci ga dabbobi ga ramu bayan damina. Motar da ta shekara talatin, a ɗaga ta a rami ka shiga da kanka da tocila, ka duba tiyon birki ko ya tsattsage, ka sa sukurdireba ka caki inda shokozoba ke zaune da ƙarƙashin ƙahwar direba, don waɗanda sunka zo daga ƙasar ƙanƙara gishirin da ake zuba wa hanya ya riga ya ci su tun can. In ƙarhen ya huje to a nan kam Hajiyarka ta hi ku gaskiya duka. Tayoyin Beljiyam kuma akwai lamba huɗu a gehe, biyun ƙarshe shekarar da anka yi ta ne, na ga mutane na sayen taya mai shekara goma don zanenta bai cinye ba.

Mai Garaji, Sabon Gari

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Hajiya ban ji haushi ba, akwai su, kuma tsarin a sa tsohon kaya a but ni ma shi nake so don shina wanke mai gaskiya. Ki turo ƙanenki da kart giris, yarona ya iya duba shasin a waya, in tana ciki sai ki san da wace takarda za ki tunkare su. Kahin nan kada wani ya ce zai buɗe miki balan-balan ɗin ya gyara, ba abin taɓawa ba ne a garajinmu.

Alhaji kai kuma tunda za a buɗe gaban injin, a yi aikin gaba ɗaya kada a biya kuɗɗin hannu sau biyu: bel, bodis ɗin da ke ɗaure shi, famfon ruwa, sil na kiranshaf da na kamshaf, tamostat, a mai da hwanka kan sansanta, a kai lagireto a buɗe a wanke, sannan a zuba ruwan lagireto na galan. Ka sayo kayan da kanka amma kada ka biya sai mai shagon ya yarda za ka iya maidowa in makanikenka ya ƙi su. Ka zo da sahe kahin rana ta yi, ban da Juma'a.